Hwarar Ƙasa Bisa Motar Soja

Malbaza, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Alkasum, wurin aikin zinariya, bayan Agadas.

Assalamu alaikum. Yaya, ni ta, ƙanwarka Badi'a. Ina gaishe ka, ina gaida gajiya, da zahin rana, da ƙarancin ruwan da Illo direba ke ba mu labari duk zuwan da yay yi. Tabawa maƙwabciyarmu, wadda ke aiki gidan likita, ita ka rubuta min, ni baki kawai nike sawa. In ka ga magana ta karkace, tawa ta.

Mu nan lahiya lau. Yarinya ta hwara rarrahe, haƙori ya hito, komi ta samu baki. Mai gidan ga shi nan zamne kusa gare mu, shina gaishe ka ƙwarai. Shi yac ce a rubuto maka, tunda salula, wayar hannu, ba ta shiga inda kake.

Ka tuna motar nan da yas sayo bara wurin gwanjon tsohin motocin soja, wadda anka jawo da tarakta, anka rushe katanga kahin ta shigo? To tana nan. Mutanen unguwa Giwa suke ce mata. Ta cinye tsakar gida, awakina ƙarƙashinta suke shan inuwa. Ranakun aiki shina buro, wato ofis, amma da ya taso, ko riga bai tuɓe ba sai shi shige ƙarƙashinta. Asabar da Lahadi kuwa shi da abokinai Abarshi mai walda, da butar shayi, tun hantsi har la'asar. Ba haya za shi yi da ita ba, ba saidawa za shi yi ba. Na tambaya, yac ce so na kawai. Sun kankare tsatsa, sun sake wayoyin wuta, sun sa batiri sabbi da hitilu, baduku ya ɗinka mata kujera. Rariyata ta tankaɗe, da ita yat tace gazuwal, man da motar ke sha, har yau tuwona warin gareji shike. Ga shi shina dariya, wai kada a rubuta wanga. Rubuta, Tabawa.

Fentin ma ya gama. Kore da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare, sak yadda take hannun soja. Hoton marigayi ubanai yad diba yah haɗa launin.

Abu guda yar rage, shi yas sa anka rubuto maka. Yac ce pompon gazuwal ɗinta ya mutu, wanda ke ba inji abinci. Ya nema Konni, ya aika Tawa, ya aika Sakkwato, babu irinai. Yac ce can wajenku irin waɗanga tsohin motoci da ake ce ma Barliye suna nan zube cikin rairayi, kai kuma makaniki na, ka san inda suke kwance. Lambar ƙarhen ga ta nan ƙasan takarda, da hannunai yar rubuta. Yac ce ranar da pompo yaz zo, ranar Giwa za ta tashi.

An ce in roƙe ka, na roƙe ka. Allah shi yi abin da yah hi zama alheri.

Ƙanwarka, Badi'a.

*

Malbaza, ranar Alhamis

Yaya, sallama da gaisuwa. Lahiyarmu lau, yarinya ma haka.

Wagga takarda ta biyu ta, kuma ita ta tawa. Waccan da Illo yat tahi da ita, bakina na amma ba maganata ba ta, mai gidan shina zamne shina jina. Yanzu ina ɗakin Tabawa, na ce aron rariya niz zo.

Yaya, don Allah, don darajar iyayenmu da ke ƙasa, kada ka aiko da pompon nan.

Ka san ƙauyensu, can bayan Tajaye, in an bar gudro, wato kwalta, an bi hanyar ƙasa. Uwatai tana can. Ya rantse tahiyar hwarko da Giwa za ta yi, can za ta. Ni kuwa Barira mai nono, wadda ke zo muna daga wancan gehen, ta zamna nan bisa turmina ta ba ni labarin hanyar. Tac ce akwai mutanen daji bisa babura. Motar kasuwa in sun tare ta, su amshe abin da za su amsa, su bar mutane su wuce. Amma abin da ke da launin soja, ba su tare shi, ba su tambaya. Tana maganar tana kallon Giwa. Ko hurar da nid dama mata ba ta shanye ba, tat tashi. Tun ranar ba ta sake shigowa gidanmu ba, ƙohwar gida take tsayawa ta yi kira.

Na tambayi Tabawa ko gaskiya na, tunda gidan likita ake kawo mutane. Sai tad duƙar da kai. Ga ta nan yanzu ma ta duƙar da kai tana rubutu.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, Yaya, amma na san wanda ke kwance cikin sabara da bindiga ba za shi taso shi leƙa shi ga wa ke tuƙi ba. Ƙaƙa za shi san ma'aikacin buro na, mai wasa da ƙarhe ranar Lahadi? Har ramin nan na bisa rufin, inda soja ke hitowa da kai, ya gyara mai murhi, shina buɗewa shina ruhewa.

Na gwada yi mai magana. Yac ce, “Ku mata da tsoro.”

Muddin ba ta tashi, shina nan tsakar gida. In ina daka ina ganin ƙahwahunai sun leƙo daga ƙarƙashinta, shina kiran a miƙo mai ƙarhe kaza. Da can haushin abin nike ji. Yanzu wallahi ganin ƙahwahun nan ya hiye min komi. Shi ci rariyar, shi ci kwanonina duka, in dai motar tana zamne.

Ka ce ka nema ba ka samu ba. Zunubin ƙaryar bisa kaina, ba bisa kanka ba. Kuma kada ka nuna mai na rubuto.

Illo ya riga ya wuce, wani direban albasa za a ba wagga, Tabawa ta san shi.

Badi'a.

*

Daga daji, bayan Agadas

Zuwa ga Badi'a, autar gidanmu.

Wa alaikumus salam. Illo ya kawo min takardarki, na karanta na sake, har abokan aiki sunka ce ko budurwa ta rubuto. Ina lahiya. Ruwa dai sai a hankali, amma ana sha. Ki shahwa min kan Samira, tunda ke kunya ba ta barinki ki hwaɗi sunanta. Haƙoran nan ki yi hattara da su, ke ma da cizo kit tashi, ga shaida nan ga yatsana.

Ki ce ma mai gidanki Maman Sani ya sa ni aiki, amma aiki mai daɗi. Na yi tahiyar yini har wani tsohon sansanin direbobi, na iske irin motatai kwance bisa ciki, rairayi ya ci rabinta. Na tona, na kwance pompon da hannuna. Lamba ta yi daidai da wadda yar rubuto. Na wanke shi, na gwada, lahiya lau shike. Ga shi nan hannun Illo, naɗe cikin tsohon bargo.

Ki hwaɗa mai, ko ki ba shi shi karanta da kainai: kada shi ɗaura sai ya daidaita alamar da ke jikin inji da wadda ke jikin pompo. In ya ɗaura, shi sassauta bututan bisa, shi hidda iska sai gazuwal ya hito babu kumhwa, sannan shi ɗaure. Kada shi yi gaggawa, tsohuwa ta, lallashi take so.

Wallahi na yi mai murna. Mu nan muna gyaran irinsu don dole, shi kuwa don so. Mutum irin wanga ba shi yawon banza, kin san inda shike kullum. Na ga har addu'ar alheri kin yi ma motar ƙarshen takarda, na ce to, autarmu ta girma.

Maganar rariya kuwa, na ba Illo saƙo shi saya miki sabuwa kasuwar Agadas. Wagga ki ɓoye ta ƙarƙashin gado.

Yayanki, Alkasum.

*

Malbaza

Yaya, ina gaishe ka. Muna lahiya, in ana ce ma wanga lahiya. Rariya ta iso, na gode.

Pompo ma ya iso. Da Illo yas sauke bargon nan tsakar gida, sai da nid dahe bango. Tabawa ta karanta min takardarka, nig gane tawa ta biyu ba ta same ka ba. Ba laihinka ba na. Inda tab bi, Allah kaɗai yas sani.

Sun yi yadda kac ce, shi da Abarshi. Asabar sunka ɗaura, Lahadi da hantsi yah hau ya murɗa. Ta yi tari, ta yi shiru. Nic ce cikin raina, Allah ka sa ta ƙi. Yas sauko, yas sassauta bututu, yak koma. Sai gidan duk yaɗ ɗauki rawa. Baƙin hayaƙi ya ruhe rana, awaki sunka tsinke igiya, yarinya ta ƙwalla ƙara bayana. Yaran unguwa sunka hau katanga suna “Soja! Soja!” Ka ji abin da yara ma ke gani.

Shi kuwa da yas sauko, hawaye na ga huskatai. Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa ganin haka ba.

Da la'asar, bayan Abarshi ya tahi, na kai mai ruwa, nid durƙusa. Nic ce, “Malam, don Allah in za ka gaida Inna, ka shiga motar kasuwa kamar kullum.”

Yac ce, “Inna ta san ƙarar motar kasuwa. Ba ita take jira ba.”

Sannan yab ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ubanai direban soja na. Shina ƙarami, uban yaz zo hutu ƙauye da irin wagga mota, yaɗ ɗora shi bisa cinya, yab bar shi ya riƙa sitiyari sunka zagaye rijiya. Daga wannan zuwan bai sake zuwa ba, sai kayanai anka kawo. Inna yanzu idanunta sun dushe, amma tac ce mai ko cikin motoci dubu ta san kukan waccan. Yac ce, “So nike ta ji shi ƙohwar gidanta sau guda kahin ta bar duniya.”

Yaya, mi zan ce ma wanga? Ka gaya min. Na buɗe baki in ce Barira, in ce babura, sai nij ji maganar ta yi min ƙanƙanta. Na dai hwaɗa. Yac ce da rana tsaka za shi, kuma kowa ya san shi wancan gehen. Nic ce mutanen daji ba 'yan garinku ba na. Yac ce, “Badi'a, ya isa.”

Ya nemi hutu buro. In an ba shi, za shi ɗauki irin hatsi shi kai musu kahin ruwan hwarko. Yanzu kullum da marece shina tada ta, shina zagaye hilin bayan makaranta, shi dawo shi saurari injin kamar likita.

Ƙahwahun nan da nike gani ƙarƙashinta, yanzu bisa suke, ba ni ganinsu.

Kai kab ba shi abin tashi, Yaya. Ka ba ni abin da zan yi.

Badi'a.

*

Daga daji

Badi'a,

Sallama. Ina lahiya, amma tun jiya abinci bai shiga ba.

Takardunki biyu rana guda sunka zo min. Ta direban albasa, motatai ta lalace hanya, takardar tana aljihun ƙohwa duk wanga lokaci. Da ta riga ta zo, da na bar ƙarhen nan cikin rairayi inda nis same shi. Na sake karanta ta hwarko, inda kic ce an ce ki roƙe ni. Yanzu nig ga abin da kike hwaɗi. Ni da nir rene ki, ban ji ba.

Ba zan ce miki tsoronki banza na ba. Mu nan duk wanda yas sayi tsohuwar motar soja, kahin shi sa mata taya sai ya sake mata launi. Ko makanikin da bai san komi ba ya san wanga.

Hana Maman Sani tahiya, na san shi, ba za shi hanu ba. Abin da za a iya shi na launi. A je Konni a sayo fentin mota, hwari ko shuɗi, a shahe ta duka, har bisa rufi, don daga nesa ake hango ta. A rubuta mata wani abu ga goshi kamar motocin kasuwa. A ɗaura mata buhuna da kaji a bisa in ta kama. Ta hito kamar mai zuwa cin kasuwa.

Na sa wata takarda dabam cikin wagga, tashi ta. Ban ce kin rubuto min komi ba, na ce shawara ta ta makaniki. Ki ba shi bayan ya ci abinci.

Na hau dutsen da ake samun rezo, inda waya ke shiga, na kira salulatai, ba ta shiga. Zan sake hawa.

Ki riƙa addu'a, auta. Ki gaida Tabawa, Allah shi saka mata.

Alkasum.

*

Malbaza

Yaya, gaisuwa mai yawa. Yau da sauƙin rai nike maka magana, har Tabawa tac ce muryata ta dawo. Yarinya tana tsayawa in ta dahe taya.

Na ba shi takardarka bayan ya ci tuwo, yadda kac ce. Ya karanta, ya ninke, yac ce, “Alkasum ya hi ni sanin inji. Amma in na shahe launin, motar wa zan kai ƙauye?”

Nic ce, “Malam, ai Inna ba ta gani. Kuka take so ta ji.”

Yac ce, “Ni ina gani.”

Na aika a kira min Abarshi a ɓoye, nir roƙe shi shi sayo fentin Konni. Yac ce, “Matar Malam, ki ruhwa min asiri. Mun kwashe watanni muna haɗa launin nan da shi. In na taɓa, abota ta ƙare.” Ni kuwa ban san hanyar shagon fenti ba, ban san irin da ake cewa a ba ni ba.

Ina zamne ɗaki ina kallon bango, sai abin yaz zo min. Bangon nan tun Sallar bara nish shahe shi da hwarar ƙasa, yadda Innarmu ta koya min, har yau hwari tas, ko ka jingina ba shi kama riga. Nic ce to, ga abin da na iya.

Na sayo hwarar ƙasa wurin masu tallanta, na jiƙa, na tace da rariyar da ka aiko, na dahwa ƙaro na zuba mai yawa don ta kama. Akwai wata ƙohwar mota da yas sayo ta ajiya, ya yi mata fenti iri ɗaya, tana jingine bayan ɗakin girki. Ga ita nig gwada. Ta bushe, na murza da tahin hannu, ba ta hita ba.

Ranar Talata da yat tahi buro, na kira matan maƙwabta. Yaya, da ka ga abin! Masu tsintsiya, masu tsumma, wata bisa turmi, wata bisa tsani, ni kuma har bisa rufi da goyo, ban san ina da wanga ƙarhin hali ba. Matar Liman tana cewa, “Yau mun yi ma Giwa jere, saura ango!” Mun shahwa, ta bushe, mun sake, mun sake. Kahin azahar babu kore ko na tahin hannu. Gilashi da hitilu kaɗai munka bari.

Da yad dawo, na shige ɗaki na riƙe yarinya, ina jiran abin da za shi hwaru. Na ji shiru. Na leƙa, ga shi ya zagaye ta, ya lakata da yatsa, ya shinshina, har ya ɗanɗana. Sai yat tuntsire da dariya, har da riƙe ciki. Abarshi ya shigo shina salati, shi kuwa yac ce mai, “Bar ta, ba ta ɓata komi ba.” Yak kira ni yac ce, “Uwar gida, haka kike so in tahi da ita? To haka za ni.”

Ka ji, Yaya. Bai yi hushi ba. Ashe abin da sauƙi.

Tabawa tac ce in ruwa ya zo hwa? Nic ce na zuba ƙaro, kuma ai iri za shi kai, dole kahin ruwa shi je shi dawo. Sama ƙeƙashe take, ko gajimare babu. Hutun dai ba a sa mai hannu ba tukuna, wai shugabansu ya yi tahiya, amma yau ko gobe.

Yara sun bar ce mata soja. Yanzu Amarya suke cewa. Jiya Barira ta shigo har tsakar gida ta sha ruwa.

Ƙanwarka, Badi'a.

*

Badi'a,

Sallama a gaggauce, Illo ya riga ya tada mota.

Hwarar ƙasa ba za ta yi ba. Bangon ɗakinki laka na, shina shanye ta, kuma ruwa bai taɓa dukanai ba. Ƙarhe mai fenti ba shi shan komi, zamne kawai take bisanai. Ƙaron ma ruwa ka narkar da shi. Ruwan hwarko in ya sauka, wanke ta za shi yi kamar kwano. Maman Sani ya san haka, shi yas sa shi dariya.

Direbobin da ke zuwa daga kudu sun ce an hwara shuka wajen Gaya. Ruwa na bisa hanyarku.

Na ce ma Illo shi tsaya Agadas shi ɗauko gwangwani biyu na hwarin fenti da buroshi. Ki wanke ƙasar, ki shahwa wanga, ko da hushi, ko da mi. Ki ce ni nis sa ki. Kada motar nan ta hita ƙohwa kahin nan. In ta kama ki zubar da gazuwal ɗin, ki zubar.

Alkasum.

*

Malbaza

Yaya, ina gaishe ka. Yarinya lahiya. An yi ruwa.

Takardarka da fenti sun zo ranar Juma'a. Shi ya tahi ranar Alhamis.

Hutun sai da ya daɗe kahin a sa hannu. Ranar da anka ba shi, washegari da sahe ya loda buhunan iri, ya sa rigatai ta Sallah. Ya ɗauki yarinya ya ɗora ta bisa cinya, ya kama hannuwanta ya aza bisa sitiyari, sannan yam miƙo min ita ta taga. Motar ta hita hwara tas, yara na binta suna “Amarya! Amarya!” Na tsaya ƙohwar gida har ta sha kwana. Wallahi har murna niy yi, Yaya. Nic ce ni na yi wanga.

Yac ce za shi tsaya Tajaye shi yi azahar, shi gaida mutane, sannan shi shiga hanyar ƙasa.

Bayan azahar iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin, tun daga nan har gehen da yab bi. Unguwa duk ta ɗauki guɗa. Maza na hidda kayan shuka, yara sun tuɓe suna tsalle, matar Liman ta leƙo ta katanga tana ce min barka da rahama. Na amsa mata. Mi zan ce? Shekara guda muna roƙon wanga ruwa.

Ni ban kwashe shanya ba, ban kama awaki ba. Na je bayan ɗakin girki na tsaya gaban ƙohwar nan da nig gwada ma ƙasar. Ɗigon hwarko ya bar mata tabo. Sannan ruwa yas sauko da ƙarhi, hwarin ya riƙa gangarowa kamar an zubar da nono, shina bi ta tsakanin yatsun ƙahwata. Na sa hannu in tare. Kore ya hito, ruwan ƙasa ya hito, dabbare-dabbare, ta hi ma da can ƙyalli, don an wanke ta. Ban kai ga gama salati ba, ta koma ta soja.

Saboda haka da Tabawa ta karanta min takardarka, na riga na sani. Wurin da kac ce ya san haka, shi yas sa shi dariya, na ce ta sake karanta min. Ta sake. Ban ji haushinai ba, Yaya. Na so in ji, abin ya ƙi zuwa.

Ban san inda ruwan yas same shi ba. Ko shina Tajaye, ko ya shiga daji, ko ya riga ya isa Inna ta ji kukan da take jira. Salulatai ba ta shiga. Ƙorama ta cika, babu mai zuwa daga can, Barira ma ba ta zo ba. Na tambayi Illo ko ya ji wani labari mararrabar hanya, yac ce bai ji komi ba, amma takalminai shike kallo. Wataƙila gajiya ta. Kuma ko ya isa lahiya, Yaya, ai sai ya dawo, kuma hanyar guda ta.

Na roƙi Abarshi shi ɗauki fentin bisa babur shi bi shi. Yac ce sai ruwa ya janye. Matatai ta biyo ni har waje tac ce in ji tsoron Allah, su ma suna da ɗiya. Gaskiyarta.

Gwangwani guda na aje shi zaure da buroshi a bisa, duk wanda za shi wancan gehen in roƙe shi. Guda kuma na buɗe. Ban san mi yas sa ba, hannuna na son aiki. Kowa ya tahi gona, unguwa babu kowa, ni da yarinya da wurin da tayoyi sunka lotsa tsakar gida, ruwa ya kwanta ciki. Na shahe ƙohwar nan yadda kac ce, ciki da baya.

Jiya an sake ruwa, na hita na diba. Fentinka ya kama, Yaya, ko ɗigo bai hita ba. Tana nan jingine, hwara tas.

In ka hau dutsen nan, ka sake kira. In ta shiga, kada ka yi mai hwaɗa. Ka ce shi bar motar can, shi taho ko bisa jaki na.

Tabawa, ya isa, ninke.

Badi'a.